Darasi na 9: Neman zama ɗan Najeriya, takardun da ake tarawa da abin da ke sa a daɗe ana jira

Toh 'yan aji, darasin yau kan wanda asalinsa ɗan wata ƙasa ne kuma yana so ya zama ɗan Najeriya a hukumance. Kar wani ya ce bai shafe shi ba, a garuruwan bakin iyaka irin su Jibiya da Illela da Maigatari auratayya da mutanen Maraɗi da Ƙonni da Damagaram ba ta yankewa, ga kuma 'yan Labanan da suka daɗe suna kasuwanci a Kano, da 'yan Chadi da Kamaru da ke Maiduguri da Mubi. In ba kai ba ne, to surukarka ce ko maƙwabcinka.

Kafin a kashe ko sisi

Abu na farko, ka tabbatar kana ma buƙatar neman. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a wajen Najeriya, in dai babansa ko mamarsa ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan ƙasa ne tun haihuwa. Kenan yarinyar da aka haifa a Tawa amma mahaifinta Basakkwace ne ba sabuwar ƙasa take nema ba, shaida kawai za ta kawo a tabbatar mata. A ɗaya ɓangaren kuma haihuwa a cikin Najeriya ita kaɗai ba ta isa ba, sai in ɗaya daga cikin iyaye ko kakanni ɗan ƙasa ne. Nan mutane da yawa ke ruɗewa, mutum ya ce ai a Fagge aka yanke min cibiya, alhali doka jini take dubawa.

In ba ka shiga wannan layin ba, hanya biyu ta rage.

Ta farko rajista ce, sashe na 26. Wannan ta matar da ke auren ɗan Najeriya ce ko ta taɓa aurensa, da kuma baligin da aka haifa a waje amma ɗaya cikin kakanninsa ɗan Najeriya ne. Ku lura, mace aka ce. Namiji baƙo da ya auri 'yar Najeriya ba shi da wannan hanyar, an kai ƙudurin gyara wajen gaban majalisar dokoki ta tarayya a watan Maris na 2022 amma bai samu shiga ba. Ni dai a ganina da rashin adalci a ciki, amma haka dokar take a rubuce.

Ta biyu ita ce ta daɗewar zama, sashe na 27, kuma ita ce mai wuya. Sai ka yi shekara 15 a jere a Najeriya. In kuma zamanka ya yi ta yankewa, to ana so ka yi wata 12 a jere gab da neman, sannan a cikin shekara 20 ɗin da suka gabace su a haɗa a samu shekara 15. Bayan wannan sai an yarda kana da halin kirki, kana da niyyar zama dindindin, ka saje da mutanen wurin, kana da abin da za ka amfani ƙasa da shi, sannan gwamnan jihar da kake zaune ya ce mutanen yankinka sun karɓe ka. Ku riƙe maganar gwamnan nan za mu dawo mata.

Takardun

Ma'aikatar harkokin cikin gida ta tarayya da ke Abuja ita ke karɓar neman, kuma yanzu ta intanet ake cika fom a ɗora takardu, don haka wanda bai iya ba sai ya je shagon kwamfuta, amma dan Allah a zauna tare da mai cikawar a sa shi ya karanto kowane layi da ƙarfi, kar a bar masa takardu a tafi kasuwa.

Kowa za a nemi hotunansa na fasfo, da takardar haihuwa, da kwafin fasfo ɗin ƙasarsa ta asali, da shaidar abin da yake ci da kansa, da izinin zama daga hukumar shige da fice. Sannan mutum biyu 'yan Najeriya da za su tsaya masa, su ma da nasu hotunan da katin shaida da wasiƙar da suka sa hannu. Matar aure za ta ƙara da takardar aure, da wasiƙar mijin cewa yana goyon baya, da shaidar cewa shi mijin ɗan ƙasa ne, kamar fasfo ɗinsa da takardar asali ta ƙaramar hukumarsu. Mai neman ta hanyar daɗewa shi kuma zai ƙara da shaidar biyan haraji da abin da ke nuna gudummawarsa, misali rajistar kamfani ko mutanen da ya ɗauka aiki. Jerin yakan ɗan sauya, a duba na ranar kafin a fara.

Takardar aure ita ke ba Hajiyoyinmu ciwon kai. Aurenmu a masallaci ko ƙofar gida ake ɗaurawa, waliyyi da wakili da shaidu, a raba goro a watse, ba wanda ya rubuta komai, bayan shekara 20 da 'ya'ya bakwai sai a ce kawo takarda. Aure ya ɗauru a addini ba shakka, amma ma'aikacin da ke duba fayil a Abuja bai halarci ɗaurin auren ba. Sai a je kotun shari'ar Musulunci ko ƙaramar hukuma da shaidu a nemi takardar, kuma a yi tun mijin na da rai da lafiya, don neman ta bayan rasuwarsa ya fi wahala nesa ba kusa ba.

Izinin zama kuwa shi ne ke kayar da maza. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasar da ke ƙungiyar damar shigowa ya yi kwana 90 ba biza, bayan nan ana so ya je ya karɓi katin zama, waɗanda ba 'yan yankin ba su kuma katin zaman baƙi da ake kira CERPAC suke karɓa suna sabuntawa. Mutum zai yi shekara 30 yana sayar da shayi a Sabon Gari kowa ya san shi, amma bai taɓa riƙe katin nan ba, toh da me zai nuna shekara 15 ɗin? Kuma 'yan Nijar su san cewa ƙasarsu tare da Mali da Burkina Faso ta fice daga ECOWAS a watan Janairu na 2025, don haka a je ofishin shige da fice a tambayi takardar da ta dace yanzu, kar a yi aiki da labarin tasha.

Me ke sa a daɗe

Kundin tsarin mulki bai sa wa'adi ba. Babu inda aka ce cikin wata kaza sai an ba ka amsa, kuma duk wanda ya ce maka ba ni kuɗi sati biyu ta fito, cuta ce.

Dalilin shi ne fayil ɗin hannu da yawa yake bi. Jami'an DSS za su yi bincike a kanka, har unguwa suna iya zuwa su tambayi mai unguwa da maƙwabta, su tuntuɓi waɗanda suka tsaya maka. Hukumar shige da fice za ta duba tarihin zamanka. In hanyar daɗewa ka bi sai an jira amsa daga gwamnatin jiharka, kuma wannan wasiƙar tana iya kwana a kan teburi musamman in lokacin zaɓe ne ko an canza gwamnati. Daga nan akwai kwamitin ba da shawara kan zama ɗan ƙasa da zai zauna ya tace, a kai majalisar zartarwa ta tarayya, sannan amincewar shugaban ƙasa. Kuma ba ɗaya bayan ɗaya ake yi ba, tarawa ake yi a fitar rukuni guda, kamar motar tasha da ba ta tashi sai ta cika. A 2022 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ba mutum 286 a lokaci guda, a 2023 kuma 385. Kaga in fayil ɗinka ya makara da takarda ɗaya rukuni ya wuce, sai wani jiƙon, kuma wani jiƙon na iya zama shekara ko fiye.

Wannan ɓangaren ba a hannunka yake ba. Wanda ke hannunka shi ne kar fayil ɗin ya samu dalilin tsayawa, kuma babban dalilin saɓanin suna ne da shekaru. Takardar Nijar da rubutun Faransanci take, za a rubuta Aichatou Oumarou, a takardar aure ta Katsina a rubuta A'ishatu Umar, a katin NIN kuma wani ya sa Aisha Umaru, mu mun san mace ɗaya ce amma a takarda mata uku ne. Haka ranar haihuwa, nan 1978 can 1981 saboda an rage lokacin shiga makaranta ko an yi kintace. Sai a zaɓi yadda yake a fasfo a bi shi ko'ina, inda ya saɓa a je kotu a yi takardar rantsuwa, takardun Faransanci ko Larabci kuma a kai wa mai fassara da hukuma ta yarda da shi ya juya su zuwa Turanci ya buga hatimi.

Sai ƙananan abubuwa masu jawo babban jinkiri. Fasfo ko katin zama ya ƙare ana tsakiyar jira. An canza lambar waya ko an tashi daga gidan haya ba a sanar ba, jami'ai su zo su tarar ba kowa. Wanda ya tsaya maka ya yi ƙaura ko ya daina ɗaukar baƙuwar lamba, shi ya sa gara ka nemi mutum mai tsayayyen adireshi wanda ya san ka da gaske, ba babban mutumin da sau ɗaya kuka gaisa ba. Kuɗin kuma a biya ta hanyar da gwamnati ta tsara a karɓi rasit, ba a hannun wani a bakin get ba.

In ta fito

Za a kira ka ka yi rantsuwar biyayya ga ƙasa a ba ka satifiket. Masu tsoron sai sun yar da ƙasarsu ta haihuwa su kwantar da hankali, sashe na 28 bai tilasta hakan ba, abin da ya ce shi ne in kana riƙe da wata ƙasar da ba ta haihuwa ka same ta ba to sai ka sake ta cikin wa'adin da sashen ya ɗiba, amma fa a duba dokar ita ƙasar taka ma. Kujerar shugaban ƙasa da ta gwamna kuwa na ɗan ƙasa ta haihuwa ne kaɗai.

Aikin gida

Kowa ya kwaso takardunsa, katin NIN da na zaɓe da takardar haihuwa da duk abin da ke da sunansa. A ja layi uku a littafi, a rubuta sunan takarda, da sunanka harafi bayan harafi yadda yake a jikinta, da ranar haihuwar da aka sa. Inda aka ga bambanci a zagaye shi da biro, a zo da littafin darasi na gaba.