Donot ɗin kabewa: wuraren da aka fi yin kuskure

Yawancin matsalar donot ɗin kabewa daga ruwan da ke jikin kabewar take farawa. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ɗanyar kabewa ruwa ne, sai kuma a yanka ta a tsunduma cikin tukunya a dafa, ta ƙara shan wani. Da an dama ta an juye cikin fulawa, kwaɓin ya saki, ya riƙa manne wa hannu. A nan ake tafka babban kuskuren: a yi ta barbaɗa fulawa har sai danƙon ya tafi. Zai tafi kam, amma donot ɗin zai fito da nauyi da tauri, ɗanɗanon kabewar ma ki neme shi ki rasa. Ranar da na fara gwadawa haka na yi, kofi uku na fulawa suka koma kusan biyar, abin da na soya kuwa sai da shayi yake wucewa.

Gyaran tun kafin kwaɓi ake yin sa. Ki turara kabewar ko ki gasa ta a obin, kada ta taɓa ruwa. Idan ta yi laushi ki murƙushe ta sosai, ki zuba a kasko ba tare da mai ba, ki rage wuta, ki riƙa juyawa har ta yi kauri. Alamar ta kai ita ce ki ja cokali ta tsakiya, hanyar ta tsaya ba ta rufe nan take ba. Wanda bai son tsayuwa gaban wuta zai iya zuba ta a kyalle mai tsabta cikin rariya, ya bar ta ta tsane. Bayan haka ki rage madarar da kika saba sakawa, tunda kabewar ta ɗauke wani kaso na aikinta. In kuma kwaɓin ya ci gaba da ɗan danƙo, ki rufe shi ki sa a firji kamar awa ɗaya, zai kama jikinsa ba sai an ƙara fulawa ba.

Kada a zuba kabewa da zafinta kan yis. Zafin da ya kai digiri 60 yana kashe shi, ki zauna jiran kwaɓin da ba zai taɓa tashi ba. Ta huce tukuna, har ki iya sa yatsa ki ji ɗumi kawai.

Ana kuma haɗa hanyoyi biyu da ba su haɗu ba. Kwaɓi mai yis yana son murza, kamar minti goma, har ya yi santsi. Mai bekin hoda kuwa da fulawar ta haɗe ki tsaya, don yawan juyi ne ke sa shi tauri. Shi mai yis ɗin sau biyu yake tashi, kuma na biyun ne ake tsallakewa saboda gaggawa. Bayan kin yanka, ki rufe su su samu kamar rabin awa. Ki ɗan danna gefen ɗaya da yatsa: idan wurin ya dawo a hankali, sun yi. Idan ya lotsa bai dawo ba, sun wuce lokaci, za su sha mai.

Sai suya, inda launi ke yaudarar mutane. Kwaɓin dama launin ruwan lemo gare shi, ga sukarin kabewa a kan wanda kika zuba, don haka da wuri bayansa ke yin ja. Ki ga kamar ya soyu, ki kwashe, ki ɓara ki tarar da ɗanyen kwaɓi a ciki. Zafin man ya tsaya tsakanin digiri 175 zuwa 180. Idan babu ma'aunin zafi, ki jefa ɗan guntun kwaɓi: ya nutse kaɗan sannan ya taso da ƙananan kumfa. In ya yi baƙi nan da nan, wutar ta yi yawa. In ya kwanta a ƙasa shiru, man bai kai ba. Ki soya guda ɗaya tak da farko, ki ɓara ki duba. Kaurin kwaɓin kada ya wuce santimita ɗaya da rabi, ramin tsakiyar kuma ki buɗe shi fiye da yadda ido ke so, domin yana tsukewa idan ya kumbura. Uku ko huɗu sun isa a kasko lokaci ɗaya, cika shi na sauke zafin man.

Wajen kayan ƙamshi, kirfa da citta suna tafiya da kabewa, amma kanumfari ɗan tsunkule ya isa, in ya yi yawa shi kaɗai za a ji. Sukarin da ake birgima donot a ciki kuma da ɗuminsa ake yi, bayan man ya tsane kamar minti ɗaya. Da ya huce, sukarin zubewa zai yi ya bar shi tsirara.