Yadda Ake Koyon Jagoranci da Aiki Tare, Daga Aji Zuwa Wurin Horon Aiki

A gonar gayya kowane manomi kunya ɗaya yake kamawa, ya bi ta har ƙarshen gona. Ba sai an tambaya ba, ana ganin wanda ya yi noma da wanda ya tsaya sauraron kiɗa. Aikin rukuni a makaranta yakan watse ne saboda ba a yanka wa kowa tasa kunyar ba: a ce "mu duka za mu yi", ranar miƙawa ta zo, a tarar mutum biyu ne suka kwana a kai. Wani injiniyan noma ɗan Faransa, Ringelmann, ya gwada haka da jan igiya, ya wallafa a 1913: masu ja na ƙaruwa, ƙarfin da kowannensu ke sawa na raguwa. Don haka mai son iya jagoranci, abin da zai fara koya shi ne raba aiki da suna, da kuma bibiyarsa.

Mataki na farko: karɓi rubutu, bar kujera. Idan malami ya raba ku rukuni, kada ka yi rige-rigen zama shugaba. Ka ce kai za ka riƙa rubuta abin da aka yanke. Mai riƙe da takarda shi ya san inda aiki ya kwana. Zaman farko kada ya wuce minti 30, kuma kada a tashi sai an cika takarda mai gida uku: aiki, sunan mai yi, ranar kawowa. Suna ɗaya kacal a gaban kowane aiki. Idan kun haura mutum shida, ku kasu biyu. Ranar da za ku sa wa kanku ta riga ta malami da kwana uku, domin haɗa sassa, gyaran rubutu da bugawa suna cin lokaci, ga kuma ɗauke wuta. A ɗauki hoton takardar a tura zauren WhatsApp nan take.

Lokacin zama ma hukunci ne. Idan aka sa shi bayan magariba a ɗakin kwanan maza, an cire 'yan mata da masu zuwa daga gida ba tare da an faɗa ba. A zaɓi fili ko aji, tsakanin azahar da la'asar.

Mataki na biyu: bibiya. Nan ne mafi yawa ke faɗuwa. "Ka gama?" tambaya ce da amsarta kullum "saura kaɗan". Ka ce, "Ina ka tsaya, me ya tare ka?", sannan ka nemi ganin abin da aka yi, ko da shafi ɗaya ne. Yi haka a tsakiyar wa'adi, ba daren ƙarshe ba. Wanda ya makara, same shi shi kaɗai. Tsawatarwa a zaure takan sa mutum ya koma kare mutuncinsa maimakon ya gama aikin. In ya girme ka, ba shi girmansa: "Yaya, sashenka ne ya rage mu haɗa, ko akwai inda zan kama maka?" Amma kada ka karɓe aikin gaba ɗaya ka yi masa. Yau ka yi, gobe ma naka ne, kuma sauran sun gani.

Mataki na uku: horon masana'antu. Shirin horon ɗalibai a wurin aiki na Najeriya, wato SIWES, wanda hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF da aka kafa a 1971 ke kula da shi, yana kai ɗaliban jami'a da dama wurin aiki na wata shida, na kwalejin kimiyya da fasaha kuma wata huɗu. Mako biyun farko na kallo ne. Lura da wanda ma'aikata ke nufa idan inji ya tsaya ko takarda ta ɓata. Sau da yawa wani tsohon ma'aikaci ne ko mai kula da sito, ba mai babban ofis ba. Kalli yadda yake ba da umarni da yadda yake gyara kuskuren yaransa. Daga nan ka roƙi ogan sashenka aiki ɗaya da zai zama naka, komai ƙanƙantarsa, kamar lissafin kayan aiki kowace Juma'a.

Littafin rahoton da ake sa wa hannu duk mako, kada ka cika shi da "na taimaka a sashen gyara". Rubuta abin da aka yi, da wa aka yi, me ya kawo tsaiko, yaya aka warware. In ka yi ɓarna, kai rahoto da bakinka a ranar, tare da abin da kake ganin zai gyara. Ɓoyewa ce ke mayar da ƙaramin kuskure ya zama asara, kuma ita ke sa a daina ba ɗalibi amanar komai.

Mataki na huɗu: bautar ƙasa. Tun 1973 shirin ke haɗa matasan da ba su san harshen juna ba, daga mako uku na sansani zuwa aikin raya al'umma na mako-mako. Idan rukuninku zai gyara rijiya ko aji, ku fara da mai unguwa, ku ji abin da mutane ke bukata. Kuɗi kada su zauna a hannun mutum ɗaya: ɗaya ya riƙe, ɗaya ya rubuta, a karanta lissafi a kowane zama. Tun kafin a fara a san ɗan garin da za a damƙa wa aikin idan kun tafi.

Bayan kowane aiki, tambayi mutum biyu, ɗaya na sama da kai, ɗaya abokin aiki: "Wane abu ɗaya zan sauya?" Kada ka yi musu, rubuta kawai. Ajiye shi a wani littafi naka na daban tare da adadin mutanen da kuka yi aikin, tsawon lokacin da ya ɗauka, da matsalar da kuka warware. Ranar ganawar ɗaukar aiki, idan aka ce ka ba da misalin inda ka taɓa jagoranci, daga wannan littafin za ka ɗauko amsa.