Sauka gari tsakanin tafiya biyu: kurakuran da ke cinye gumin ma'aikacin jirgin ruwa

Tun da na dawo hutu ƙauyenmu na bakin kogin Haɗejiya, kusan kullum bayan Isha'i sai samari sun zagaye ni a kan dakali. Wannan ya tambayi yadda Baselona ta ƙasar Sipaniya take, wancan ya tambaya ko da gaske na shiga birnin Rum. Har yau ba wanda ya tambaye ni yadda ake komawa jirgi bayan an sauka, alhali a nan ne aikin mutum yake tsira ko ya lalace. Shekara 6 ina aiki a kicin ɗin manyan jiragen da ke yawo da masu shaƙatawa a Bahar Rum, na gaji da ganin sabon ma'aikaci yana faɗawa ramin da na faɗa. Yanzu da yara biyu daga yankinmu suke neman takardunsu, gara in rubuta.

Jirgi yakan gama zagayen mako guda ya dawo tashar da ya taso da asuba. Kafin hantsi ya dubi ludayi an sauke fasinjojin da suka gama, da rana sababbi su fara shigowa, da yamma a sake tashi. Wannan ranar ce nake nufi, ranar sauya fasinja. Akwai fasinjojin da suka biya kuɗin tafiya biyu a jere, su ba sa kwashe kaya su tafi, sai a sabunta musu katin shiga da fita jirgi su fita yawo abinsu. Sabon ma'aikaci zai gan su suna fita da hula da kyamara, sai ya ɗauka ranar hutu ce. Su baƙi ne da suka biya, kai kuwa ranar ce ta fi kowace rana aiki a wurinka: lodin abinci, wanke ɗakuna, atisayen ceton rai. Tun bayan kifewar jirgin Costa Concordia kusa da tsibirin Jiliyo na Italiya a watan Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, aka tsananta doka, daga 2015 dole a yi wa sababbin fasinjoji wannan atisaye kafin a tashi ko da zarar an tashi. Kowane ma'aikaci da wurin tsayuwarsa. Abin da za ka samu, in oganka ya sake ka, awa uku ne zuwa biyar. Wata ranar ma sunanka zai fito cikin waɗanda dole su zauna tsaron jirgi, a riƙe katinka, ko ƙofa ba za ka leƙa ba.

Kuskuren da ya fi kowanne shi ne yin nisa, kuma ni ya fara ci.

Mu nan mun saba da abin hawan da ke jiran mutum. Mai kwale-kwale in ya ture, ka ƙwala masa kira daga gaɓa, zai juyo. Direban da ya kai ku kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba zai tashi ba sai ya ƙirga mutanensa, in ba ka nan ya aika yaron mota ya nemo ka a kara, don ya san mahaifinka. Da wannan tunanin na shiga aikin, shi ya kuma cuce ni. Jirgin da ke ɗauke da dubban mutane yana da lokacin da hukumar tasha ta ba shi, ga matuƙin tasha da ke fitar da shi, ga wani jirgin yana jiran gurbinsa. Ba a tsayar da wannan duka saboda mai wanke tukunya ɗaya.

A shekarata ta farko ne, ranar wata Juma'a cikin bazara, muna Cibitabekiya, tashar da jirage ke tsayawa don Rum. A takardun talla Rum ake rubutawa, amma tsakanin tashar da birnin kusan kilomita 80 ne, jirgin ƙasa yana cin awa ɗaya da wani abu. Na yi wata huɗu ban samu Juma'a cikin jam'i ba, zuciyata ta ƙwallafa a kan babban masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995. Na roƙi ogan kicin, na yi aikin wani da daddare don ya tsaya mini, na fita ƙarfe 10 da sharaɗin in dawo kafin 5. Na yi lissafina ya fita daidai, ba rarar ko minti talatin. Na samu sallar, ba kuma zan ɓoye ba, na yi hawaye a sahu. Masallacin yana arewacin birni, kafin in kai tashar jirgin ƙasa na ɓata hanya sau biyu, baƙo ko da ido makaho ne. Jirgin da na sa rai ya wuce, na bayansa ya makara, ya kuma tsaya a tsakiyar hanya ba bayani. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, ko ka sauka a Cibitabekiya ba ka iso ba: sai ka taka ko ka hau mota zuwa bakin tasha, sannan ka jira bas ɗin da ke shiga ciki, don ba a barin mutum ya ratsa da ƙafa yadda ya ga dama. Ina cikin bas ɗin na ji ƙahon jirgi. Na sauka na tarar an janye tsani, an kwance igiyoyi, ruwa ya shiga tsakanina da gadona da kayana da komai nawa. Ina tsaye da jallabiya da yuro kaɗan a aljihu, ina hango abokan aikina a bene suna kallona.

Wakilin kamfani a tashar shi ya zo da fasfona a ambulan, don haka ake yi, in ka makara jirgi ya miƙa masa takardunka ya tafi. Ya kai ni wurin 'yan sandan shige da fice, a nan na san cewa izinin da ake ba ma'aikacin jirgi ya sauka ba tare da biza ba, na garin tashar ne da garuruwan da ke maƙwabtaka da shi, ba na yawo cikin ƙasa ba ne. Kuɗin masauki, kuɗin mota zuwa tasha ta gaba, ladan wakili, duk daga albashina aka cire. Kuɗin da nake tarawa in saya wa Baba injin ban-ruwa ne ya tafi a kwana biyu. Aka ba ni takardar gargaɗi ta ƙarshe, aka hana ni sauka na tsawon lokaci, ƙarin matsayin da aka yi mini alkawari aka ba wani. Da dama da suka yi irin wannan tikitin gida aka ba su.

Da na dawo na ba malaminmu labari, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ai Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi ba. Amanar aikin da ka ɗauka kuwa ta wajaba." Baba ko kalma ɗaya bai ce ba game da injin, ranin nan da hayar injin maƙwabci ya shayar da albasarsa. Shirun nan har yau yana ci mini rai.

Abin da nake yi yanzu ba doka ba ce, wasu tsofaffin ma'aikata ma suna ganin na cika tsoro. Ranar sauya fasinja ba na zuwa inda ƙafata ba za ta iya dawo da ni ba. In akwai jirgin ƙasa a cikin shirin, na fasa. Lokacin da aka rubuta a allon bakin tsani ina ɗaukar hotonsa, in rage masa awa ɗaya da rabi, wannan ne lokacina. Ku lura, na ma'aikata ya riga na fasinja, kada ka karanta layin da ba naka ba. Lambar wakilin tasha ina rubuta ta da biro a takarda in sa cikin hula, don waya tana mutuwa, ana kuma sace ta.

Agogo ma yana da nasa tarkon. Da hunturu lokacin Italiya ɗaya ne da namu, daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna gabanmu da awa ɗaya, Girka kuma tana gaban Italiya da awa ɗaya. Waya tana sauya lokaci da kanta ba ta shawarce ka ba. Sayi agogon hannu mai arha ka saita shi da na jirgi.

Kuskure na biyu, saƙo. A nan zan yi faɗa, wanda zai ji haushi ya ji. An raine mu a kan cewa ƙin karɓar saƙo rashin mutunci ne. Mai zuwa Kano ana ba shi ƙullin daddawa ya kai wa 'yar wani, ba ya tambayar abin da ke ciki. Wannan kyakkyawar ɗabi'a ce a gida, a bakin jirgi kuwa guba ce. Wani yaro da ni na tsaya masa ya samu aikin, na ranta masa kuɗin takardu, na sa shi ɗakina. A unguwar Rabal ta Baselona, inda shagunan nama na halal da ƙananan masallatai suke, ya haɗu da wani mai jin Hausa. Ku san daɗin jin "sannu da zuwa" bayan wata uku kana jin yaren wasu. Mutumin ya ciyar da shi mako uku a jere, a na huɗu ya ba shi leda ya kai wa ƙaninsa a tasha ta gaba, wai maganin ciwon baya ne. Duk abin da ka shigo da shi sai ya bi ta na'urar bincike a bakin tsani. Aka buɗe, ƙwayoyi ne masu yawa ba takardar likita. Aka birkice ɗakinmu har cikin katifa, aka gwada fitsarinmu mu biyu, kafin jirgi ya tashi an sauke shi. Kuɗina ban sake ganin su ba, ban ma nema ba, na ga halin da gidansu ya shiga. Daga ranar kuma duk wanda na kawo sunansa ba a duba takardarsa.

Haba ƙannena! Mutumin da ba ka san gidansu ba, ba ka san limamin unguwarsu ba, don ya saya maka shinkafa sai ka ɗauki ledarsa ka ratsa iyakar ƙasa? In saƙon na Allah ne, gidan waya yana nan. Ni ko wanda muka yi makarantar allo tare ne ya ba ni, sai ya kwance a gabana, in magani ne ko foda ko abin da aka liƙe, na ce ya yi haƙuri. An kira ni mai girman kai saboda haka, na ɗauka.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kada ka fita da abincin jirgi a jaka, ko tuffa ɗaya ce, wasu tashoshin tara suke ci. Tikitin takarda na ƙananan jiragen ƙasa a Italiya sai ka buga masa hatimi a na'ura kafin ka hau. A titin Rambla na Baselona jaka gaba ake rataye ta. Burodi ma tambaya ake yi, wasu da kitsen alade ake kwaɓa su. In an kai ka Amurka, bizar ma'aikatan jirgi daban take, takardar izinin sauka da za su ba ka kuma ka riƙe ta kamar fasfo. Maimakon ka ƙona kuɗi da layin gida, nemi cibiyar ma'aikatan ruwa da ke yawancin manyan tashoshi, irin su Stella Maris, akwai intanet da wurin zama, Kiristoci ne ke gudanar da su amma ba a taɓa hana ni shimfiɗa dardumata ba.

Barci ma wani abu ne da sababbi ke rainawa. Yarjejeniyar ƙwadagon ruwa ta 2006 ta ce a ba ma'aikaci hutun aƙalla awa 10 a kowace 24, amma in ka kwashe naka ka kai gari, da daddare wuƙa ce a hannunka da ido biyu masu nauyi. Ni mako ɗaya in fita, mako ɗaya in kwanta. Hoton da kuke ɗauka a gaban motocin mutane kuna sawa a Facebook kuma, ku sani kafin ku koma jirgi buƙatu goma sun shigo wayarku daga gida.

Sai kilishi da dambun nama. Na san Inna za ta ƙulla muku a leda ranar tafiya, ba kuma za ku iya ce mata a'a ba. Ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin a shigo da nama daga waje a kayan matafiyi, Amurka ma haka, ƙwacewa za a yi a filin jirgin sama. Ni karɓa nake da hannu biyu in yi godiya, in muka kama hanyar Kano in kwance ledar in raba wa 'yan mota, mu cinye kafin mu wuce Gezawa.