Yadda za ka ɓoye saba (kwamfutar da ke raba wa sauran fayil) daga jerin kwamfutocin Network amma fayil su ci gaba da buɗuwa

In Windows ce, shiga Services (jerin ayyukan da Windows ke gudanarwa a bayan fage) ka nemo Function Discovery Resource Publication ka tsayar da ita, ka mayar da ita Disabled don kar ta sake tashi in an yi ristat, ita ce ke shelanta sunan kwamfutar ga kowa. File and Printer Sharing kam kar ka taɓa shi, da shi ake shiga folda. In kuma Samba ce (manhajar raba fayil) a Linux, kashe nmbd da wsdd, su ne ke shelanta sunan a can, sannan ka sa browseable = no a smb.conf, wato fayil ɗin saitin Samba, don ɓoye foldar daga jeri.

Masu aiki sai su rubuta \\sunan-saba\folda kai tsaye ko lambar IP. Amma don Allah ka gyara izinin shiga da fasawod, duk wanda ya san sunan zai iya ƙwanƙwasawa.