Kurakuran da aka fi yi wajen gano jijiyar da ta fitar da malalar basalt

A yankin Dekan na Indiya, narkakken dutse ya malalo shekara miliyan 66 da suka wuce ya binne ƙasa hawa-hawa, ya daskare ya zama baƙin dutsen da ake kira basalt. Bakunan da ya fito ta cikinsu galibi sun zaizaye ko sun binnu. Abin da ya rage shi ne daik, wato tsagar da narkakken dutse ya cika ya daskare a ciki, wadda ita ce jijiyar da kan fitar da malala. Mai bincike sai ya auna sinadaran daik, ya auna na shimfiɗar malala, ya ga ko sun dace. A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe.

Tun a fili ake fara ɓata aiki. Mutum ya ɗauko dutsen da ya yi ja, mai rugurgujewa a hannu, alhali ruwa ya riga ya wanke potasiyam da rubidiyam ɗinsa. Sa guduma ka fasa har ka kai baƙar tsokar da ba ta taɓu ba, kuma ka dogara da titaniyam, zarkoniyam da niyobiyam, waɗanda ruwa ba ya kwashewa da sauƙi. In daik ne, ɗauki gefensa mai laushin ƙwaya, inda ya huce nan take. Tsakiya kan tara kiristal, ta karkatar da awo.

Babban kuskuren shi ne kwatanta yawan sinadari kai tsaye. Narkakken dutse yana hanya, kiristal, wato ƙwayoyin ma'adinai, na olibin da falajiyokilas na fita daga cikinsa, magniziyam na raguwa, zarkoniyam na ƙaruwa. Sai ka ga samfuri biyu daga tushe ɗaya da lambobi daban, ka raba su a banza. Kamar miya ce a kan wuta: ruwa na ƙafewa, gishiri da yaji na ƙara ƙarfi, amma yawan ɗaya a kan ɗaya bai canza ba. Saboda haka yi lissafin rabawa, yawan zarkoniyam a kan yawan niyobiyam, ka kwatanta abin da ya fito.

Wasu kuma da sun ga bambancin aisotop, wato nau'o'in sinadari ɗaya masu nauyi daban, sai su ce tushen a cikin mantil, sashen da ke ƙarƙashin ɓawon ƙasa, daban ne. Sau da yawa ɓawon ƙasa ne ya narke ya gauraya a hanya. A Dekan, rukunin malalar da ake kira Bushe yana da aisotop na sitirontiyam-87 mai yawa don ya sha tsohon ɓawon ƙasa sosai, rukunin Ambenali kuwa kusan bai sha ba.

Kusanci ma na yaudara. Daik ɗin Makenzi na Kanada sun kai narkakken dutse a kwance fiye da kilomita 2,000. A Amurka, daik ɗin Chief Joseph na arewa maso gabashin Oregon ne suka ciyar da yawancin basalt na Kogin Kolambiya, wasu malalar har suka kai tekun Fasifik. Daik da ke gindin shimfiɗa ba lalle shi ya haife ta ba.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne a ga sinadarai sun dace a ce an gama. Rashin dacewa yana iya kore daik daga lissafi, amma dacewa kaɗai ba hujja ba ce, domin narkakken dutse iri ɗaya na iya sake fitowa bayan dubban shekaru. Sai an haɗa da awon shekaru, da argon ko da yuraniyam da dalma, da kuma alkiblar maganaɗisun da dutsen ya riƙe lokacin da ya huce. A jerin daik na Okabango a Botsuwana, an ɗauka duka na zamanin Karu ne, wato babbar malalar basalt ta kudancin Afirka, shekara miliyan 180 ko kusa da haka, don sun miƙe layi ɗaya. Da aka auna shekaru, sai wasunsu suka fito da tsufan da ya girmi na Karu da ɗaruruwan miliyoyin shekaru.