Darasi Na Tara: Me Ke Sa Tawada Ta Kwanta?

Duk wanda ya taɓa jiƙa kamu ya san abin da ke faruwa idan an bar shi ya kwana. Ruwa ya taso sama garau, ƙullun ya kwanta a ƙasa. Gishiri ba haka yake ba, da ya shiga ruwa ya narke ke nan. Ka riƙe wannan bambanci da kyau, domin a kansa darasin yau ya tsaya.

Launin da ke cikin tawadar allo, da tawadar da ake buga kwali ko riga da ita, ba narkewa yake yi ba. Gari ne mai laushin gaske yake yawo cikin ruwa. Ƙwayoyin garin nan kuwa suna jan juna. Biyu su haɗu su manne, ta uku ta zo, kafin ka ankara sun zama gudaji. Gudaji ya fi nauyi, sai ya nutse. A nan ne za ka ji almajiri yana cewa, “Malam, tawadata ta tsinke.”

Iyayenmu sun daɗe da sanin maganin abin: ƙaro. Ƙaro mai kyau daga itacen dakwara ake samun sa, kuma a ƙasar nan an fi kawo shi daga Borno, Yobe da Jigawa. Mutane da yawa sun ɗauka aikinsa kawai ya liƙa rubutu a jikin allo. Yana yin wannan, amma yana da wani aikin tun tawada na cikin kurtu. Idan ƙaro ya narke, yakan zama zarurruka dogaye waɗanda ido ba ya gani. Wani sashe na zaren ya kama jikin ƙwayar gawayi, sauran ya bazu cikin ruwa. Kowace ƙwaya ta sami riga ke nan. Idan biyu suka kusanci juna, rigunan ne za su tokare, ba za su manne ba. Masana kimiyya suna kiran irin wannan dogon zare folima.

Mu gwada. Ka samo kwalabe biyu masu tsabta, da gawayi, da ƙaro kamar girman goro ɗaya. A kasuwar Bacci ta Kaduna ko wajen masu kayan koli a unguwarku ba za a rasa ba. Ka jiƙa ƙaron da yamma cikin rabin kofin shayi na ruwa, da safe ka tace da ƙyalle don fitar da ɓawo da yashi. Daka gawayin ya yi laushi, ka tankaɗe. A kwalba ta farko zuba garin cokali 2 da ruwa zalla, ka girgiza. Ta biyu kuwa kada ka yi gaggawa. Zuba garin cokali 2 a kan dutsen niƙa ko cikin ƙaramin turmi, ɗiga ruwan ƙaro kaɗan ya zama kamar kwaɓin ƙosai, ka yi ta niƙawa har ka daina jin ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin hannunka. Sai bayan nan ka ƙara ruwa a hankali.

Wannan niƙan shi ne wurin da akasari ake yin ha'inci, don hannu na gajiya. Amma niƙa ne ke fasa gudajin, ƙaro kuma ya rufe kowace ƙwaya nan take kafin ta koma wa 'yar'uwarta. Ga lissafin: idan ka rage girman ƙwaya zuwa rabi, saurin nutsewarta yakan ragu sau 4. Wanda ya zuba ƙaro a ƙarshe cikin ruwa mai yawa, gudajin ya yi wa riga, ba ƙwayoyin ba.

Ka ajiye kwalaben a kan taga, ka duba su gobe.

Ƙaro ma yana da iyaka. In ya yi kaɗan, rubutu zai bushe ya goge a yatsa. In ya yi yawa, alƙalami ya riƙa ja, rubutun ya yi ƙyalli ya tsattsage, da damina kuma ya yi danƙo.

Tawadar kamfani mai haɗin ruwa a kan wannan dabarar take, sai dai maimakon ƙaro ana sa folimar da aka haɗa a masana'anta, galibi dangin akirilik. Ita wannan, ban da tokarewa, tana ɗora wa kowace ƙwaya cajin lantarki iri ɗaya, don haka suna ture juna kamar mayen ƙarfe biyu da aka juya wa fuska guda. Ƙwayoyin tawadar firinta ƙanana ne ƙwarai, silin gashi ya fi su kauri sau ɗaruruwa, ramukan da suke fita ta ciki kuma sun fi gashin siranta. Gudaji kaɗan ya isa ya toshe kan firinta.

Wani matashi mai buga riguna a Tudun Wada ya taɓa kawo mini kuka. “Malam, farar tawadar nan jabu ce, kullum sai ta kwanta.” Na ce, “Ɗana, yaushe rabonka da girgiza ta?” Ya yi shiru. Farin launi daga sinadarin titaniyam ake yin sa, ya fi ruwa nauyi kusan sau 4, ko wace irin riga aka sa masa sai ya sauka a hankali. Bambancin shi ne, mai riga da ka girgiza ya tashi, marar riga kuwa ya daskare a ƙasa kamar laka. Da na ƙara tambaya, ashe in tawadar ta yi kauri da ruwan rijiyar burtsatse yake sirka ta. Ruwa mai gishirin ƙasa yana kashe cajin nan, ƙwayoyi su koma su rungumi juna. In dole sai an sirka, a yi da tataccen ruwa irin na batir, wanda ba asid a ciki, kuma kada a taɓa haɗa tawadar kamfani biyu a tanki ɗaya.

Masu buga kwali da babban inji su kula da murfi. Warin da kake ji in an buɗe bokitin tawadarsu amoniya ce, ita ke riƙe folimar a narke. Ma'aunin pH, wato lambar da ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa, yakan tsaya tsakanin 8.5 da 9.5 a irin wannan tawada. In aka bar bokiti a buɗe, musamman da iskar hunturu ta Kaduna, amoniya ta gudu, lambar ta sauka, tawada ta yi kauri. Ruwa kaɗai ba ya gyara wannan, sai ruwan gyaran da mai tawadar ya tanada.

Gobe kowa ya zo da kwalabensa biyu ba tare da ya girgiza su a hanya ba. Za mu auna da rula santimita nawa ruwa ya washe a saman kowace, mu rubuta lambar a littafi, sannan kowa ya rubuta sunansa da tawadar kwalba ta biyu, ya bari ta bushe, ya shafa da babban yatsa mu gani.