Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Garayar Haf

Idan tsohuwar haf ta shigo hannunka, wato babbar garayar Turai mai feda da ake kaɗawa a zauren kiɗa, kada ka yi gaggawar ɗaure mata tsirkiya. Wannan shi ne abin da na fi nanata wa duk mai son gyara. Haf ta zamani tsirkiyarta 47 ce, kuma jan da suke yi wa katako ya kai kusan kilo 900. Ta ƙarni na 19 ba a ƙera ta don ɗaukar wannan nauyi ba. Ka ɗaura mata tsirkiyar zamani, allon amonta, wato siririn katakon gaban akwatin amo da tsirkiyoyi ke ɗaure a jikinsa, zai kumbura ya tsage, wuyan ya karkace.

Fara da sanin asalinta. Duba farantin tagulla da ke wuya, nan maƙeri ke zana sunansa da lambar kayan. In ka ga sunan Erard da Great Marlborough Street a Landan, to ka riƙe ta da hannu biyu. Mai kamfanin, Sébastien Érard, shi ne a 1810 ya yi rajistar fasahar da ta ba kowace feda cikin bakwai matsayi uku, kuma a kanta ake tafiya har yau. Kamfanin nan ne ya sa Ravel, mai tsara kiɗa ɗan Faransa, ya tsara kiɗan Introduction et Allegro a 1905 don a ji abin da garayarsu ke iyawa. Tsofaffin samfurinsu da yawa tsirkiya 43 ke gare su.

Sai ka sassauta ragowar tsirkiyoyin kaɗan-kaɗan, ka haska fitila cikin akwatin amo. Nemi tsaga, da inda gam ya saki, da ƙananan ramuka masu zubar da garin katako, alamar ƙwaro ke nan. Ni dai gam ɗin fata nake amfani da shi, irin na da, domin ɗumi da danshi suna sakinsa, wanda zai gyara bayanka ba zai sha wuya ba. Allon amo kuwa, muddin zai ɗinku ban yarda a cire shi ba, don muryar garayar a cikinsa take.

Sandunan feda ta cikin ginshiƙi suke bi zuwa wuya, inda ƙananan fayafai masu haƙora biyu ke matse tsirkiya. Ka ɗauki hoton kowane ƙarfe kafin ka kwance, ka goge tsohon man da ya daskare, ka ɗiga sabo kaɗan. Adon zinariya buroshi mai laushi kawai yake so, ban da ruwa.

Daga nan ka sa siraran tsirkiyoyin hanji, na sautin C ja, na sautin F baƙi. Fedoji duk suna sama, ka riƙa ja a hankali cikin makonni, ka tsaya ƙasa da sautin zamani. Ɗakin da za ta zauna danshinsa ya kasance tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari, nesa da hasken rana da na'urar ɗumama ɗaki. In wuyan ya riga ya tsage, kai ta wurin ƙwararren maƙerin haf.